Hannun Dama a Sama

Shekara biyu cur algaitar Manus Gildea ta yi a kan kwabar ɗakin kwana, rufe cikin akwatinta, ba mai taɓa ta sai matarsa Nuala idan ta zo kakkaɓe yana.

Manus masunci ne. A Burtonport aka haife shi, can gaɓar Donegal inda iska ba ta hutun Lahadi, kuma tun yana ɗan shekara goma sha bakwai yake fita teku. Busa kuwa a kicin ɗin kawunsa ya koye ta, ba shi da wani malami bayan shi. Algaitar ƙasarsu ba da baki ake hura ta ba. Salka a hammatar hagu, zuga-zugi ɗaure a gwiwar hannun dama yana cika ta da iska, sarewa kafe bisa cinya, haka ya zauna ya busa wa rabin garin a bikin aurensu, ya kuma raka iyayensu makabarta. Taron mabusa da ake yi shekara-shekara nan da can cikin ƙasar bai taɓa leƙa ko ɗaya ba. In an yi masa maganar sai ya taɓe baki ya ce, “Malaman makarantar Dublin ne da Amurkawa masu gemu. Su yi kwana uku suna gardama a kan abin da kawuna yake yi yana gyangyaɗi.”

Wata safiya ta watan Fabrairu igiyar taru ta naɗe masa hannu a bakin injin da ke jan ta, kafin a kashe injin ta tafi da ƙaramin yatsansa na dama. Likita ya ce ya yi arziki, da hannun ne gaba ɗaya. Bayan wata biyu ya koma jirgi. Ɗaurin igiya, riƙon wuƙa, sa maɓallin riga, duk ya sake saba da su da yatsu tara. Sarewa ce kaɗai ta ƙi. Ƙofarta ta ƙarshe, ta can ƙasa, da wannan yatsan ake toshe ta, kuma in ba a toshe ta ba muryar ƙasa, wato mafi kauri, ba ta fita, ita ce kuwa gindin da kowace waƙa take sauka a kansa. Ya gwada liƙe ƙofar da kakin kyandir. Muryar ƙasa ta dawo, amma ta kusa da ita ta karkace, tana fita kamar kukan akuyar da aka taka wa ƙafa. Kwana huɗu ya yi yana fama. A na biyar ya kankare kakin, ya naɗe komai, ya ɗora akwatin a kan kwaba.

Daga nan ba a sake yi masa maganar busa a gidan ba. In rediyo ya saki algaita sai ya tashi ya ce zai duba mota.

Nuala ce ta ga sanarwar a jarida, a farkon bazarar shekara ta biyu. Za a yi taron mabusa na kwana biyu a wata makarantar ƙauye a Leitrim, kuma masu taron suna roƙon duk wanda yake da algaitar da ba a amfani da ita ya kawo, su riƙa ba masu koyo aro.

“Ga inda za ka kai ta,” in ji ta, ta ajiye masa jaridar kusa da kofin shayi. “Fata ce da itace, Manus. Zaman da take yi a can sama kashe ta yake yi. Ko ka busa ko ka bayar.”

Ya karanta sau biyu. “A aika ta gidan waya.”

“Algaitar kawunka a gidan waya? Su jefa ta ƙarƙashin buhunan taki? Ni zan tuƙa. Ai gidan Bernie bai fi tafiyar minti ashirin daga wurin ba, na kwana biyu ban ga ƙanwata ba.”

Ranar Asabar da sassafe suka kama hanya, ana yayyafi. Shi dai shirinsa ya miƙa akwatin, ya sa hannu a takarda, ya fito kafin wani ya tambaye shi komai. Da suka isa ƙofar makarantar ya sauko da akwatin, ya sunkuya ta taga ya ce mata ta ba shi minti goma.

“Sai ƙarfe biyar,” in ji Nuala, ta ja mota.

Ya tsaya a cikin ruwan yana kallon bayan motar har ta sha kwana. Ya faɗi wata kalma da ba a faɗa a gaban fadan coci, sannan ya shiga.

Tun daga baranda ƙarar ta tarye shi. Mutum kusan arba’in, kowa a wani lungu yana daidaita muryar tasa algaitar, ba wanda ya yarda da muryar ɗan’uwansa, kamar an saki garken agwagi cikin coci. Ƙamshin fata da kaki da rigunan ulu masu laima ya cika wurin. Ya yi sauri ya nufi teburin rajista.

Matar da ke teburin ta yi murna ƙwarai, amma ta ce ba sa karɓar algaita sai mai gyara ya duba ta tukuna. Ta nuna masa aji na uku a hagu, ta ce ya tambayi Fintan Lavelle.

Fintan gajere ne mai sanƙo, tabarau biyu a jikinsa, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ya mayar da teburin malami maƙera, ya baza wuƙaƙe da zare da gutsattsarin kara. A gefensa wata tsohuwa ce zaune, ƙarama kamar tsuntsuwa, da sanda a jingine, tana jira ya fere mata sabon harshen sarewa, ɗan karan nan da ke ba ta murya. Fintan ya buɗe akwatin Manus, ya ɗauko sarewar da hannu biyu.

“Kai! Wa ya bar wannan baiwar Allah da ƙishi haka?” Ya shinshina ta, ya ɗaga ta ga hasken taga. “Wannan ta haura shekara tamanin. Ta wane mamaci ce?”

“Tawa ce.”

“To me ta yi maka?”

Manus ya zare hannun dama daga aljihu ya ɗora a kan tebur.

Fintan ya sauko da tabarau na biyu ya duba. Bai ce sannu ba, bai girgiza kai ba, abin da Manus ya gaji da gani ke nan a wurin mutanen garinsu. Kallon hannun yake yi kamar wani aiki da aka kawo masa.

“Wannan ai ba komai ba ne,” ya ce. “Madanni zan ƙera maka na tagulla, ya haɗa ƙofofin biyu na ƙasa. Yatsa ɗaya ya danna, biyu su rufe.”

“Ka huda wannan itacen ka kafa masa ƙarfe, in fasa maka sanƙon nan da sandata,” in ji tsohuwar.

“Attracta, ba da ke ake ba.”

“Yanzu da ni ake. Madanninka da na gani a Galway, ƙas-ƙas-ƙas kamar haƙoran roba. Kuma yaushe za ka gama shi? Ni da na ba ka aiki tun kafin a binne mijina?”

“Mijinki bara ya mutu.”

“Bara waccan. Ga shi kuwa, ko lissafin shekara ba ka iya ba.” Ta juyo ga Manus. “Kai, masunci, ba ni hannuwan nan duka biyu.”

Bai san yadda aka yi ta gane sana’arsa ba, sai da ya kalli tafukansa a cikin nata. Wannan ita ce Attracta Hession, shekararta saba’in da takwas, kuma rabin mabusan da ke cikin ginin ta hannunta suka bi. Ta juya hannuwan gaba da baya kamar mai tayin rago.

“Ƙofa nawa ne a sarewa?”

“Takwas.”

“Hannun sama nawa yake rufewa?”

“Huɗu. Babban yatsa a baya, uku a gaba.”

“Ƙaramin yatsan hannun sama fa, me yake yi?”

Manus ya dubi hagunsa. “Ba ya komai. A iska yake.”

“A iska yake, shekara arba’in yana cin abinci a banza. Hannun ƙasa ne mai bukatar huɗu a gaba. To ga hagunka da yatsunta cif, ga damanka da babba da uku. Ubangiji ya bar maka daidai abin da kake bukata, kai ne ka zaunar da su a kujerun da ba nasu ba. Dama ta hau sama, hagu ta sauko. Shi ke nan.”

Fintan ya sake jujjuya sarewar yana ƙunƙuni. “Ƙofofin a layi ɗaya suke, kuma ba ko madanni ɗaya a jikinta, ba ta san dama da hagu ba. Salka da zuga-zugi su zauna inda suke, in ɗan juya wuyan kawai.” Ya yi tsaki. “Zai yiwu. Na tsani ranar da matar nan take da gaskiya.”

Ran Manus ya ɓaci, shi kansa bai san dalili ba. Ya janye hannuwansa.

“Kun san abin da kuke faɗa kuwa? Waƙa ta fi ɗari uku a yatsun nan. Ba a kaina suke ba, a nan suke. In na juya hannu duk sun zube. In koma rarrafe ina da shekara hamsin da bakwai?”

“Rarrafen ma ai tafiya ce,” in ji Attracta. “Yanzu a zaune kake.” Ta dafa sanda ta miƙe. “Ina da ajin ’yan fari ƙarfe goma. Ba wanda zai karɓi algaitar nan daga hannunka kafin la’asar, kuma na ga ba ka da mota. Fintan, ba shi ta aro har ka shayar da tasa.”

Da akwai inda za shi, da ya tafi. Amma ruwa ya ƙaru, ƙauyen kuma shago ɗaya ne da coci. Ya bi ta.

Mutum biyar ne a ajin, duk manya, zaune a kan ƙananan kujerun yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. Akwai wata likitar haƙori daga Jamus, da wasu ma’aurata daga Cork, da wata mai jinya, da wani dogon dattijo mai jan fuska wanda ya miƙo masa hannu ya ce sunansa Barney Tighe, shekara talatin da takwas yana raba wasiƙu a Roscommon, wata shida da fara busa, kuma tuni karensa ya bar masa gidan saboda ƙara.

Abin da ya biyo baya Manus bai taɓa jin kunya irinsa ba. Ya ɗaura zuga-zugi, ya cika salka, wannan duk jikinsa ya yi ba tare da ya tambaye shi ba. Amma da ya ɗora dama a sama, hagu a ƙasa, sai ya ji kamar an ba shi hannuwan wani. Ya ce wa wannan yatsa ya tashi, wancan ya tashi. Ƙofofin da ya sani kamar ƙofar ɗakinsa suka gudu daga inda ya bar su. Sarewar ta yi ƙara, ta yi kururuwa, ta shaƙe. Likitar haƙori, wadda ta fara a watan Janairu, ta hau muryoyi biyar ta sauko lafiya lau a gefensa, sannan ta yi masa murmushin ƙarfafa gwiwa. Murmushin nan ya fi igiyar taru ciwo.

Sau ɗaya ya manta, hannuwan suka koma gurbinsu na dā, layin farko na wata waƙar rawa ya zubo da gudu, tsaf, har ajin ya yi tsit. Sai waƙar ta gangaro neman muryar ƙasa, ta faɗa ramin da yatsan ya bari.

“Mun ji,” in ji Attracta, ba ta ko ɗago kai ba. “Ka iya a dā. Juya su.”

Da aka tashi cin abincin rana ya ɗauki kwanon romon kayan lambu da burodi mai ruwan ƙasa ya tafi can ƙarshen tebur, ya juya wa jama’a baya. Ya riga ya yanke shawara: ƙarfe biyar zai miƙa akwatin, kuma Nuala za ta ji daga gare shi har Donegal. Yana cikin haka sai ga Barney ya jawo kujera.

“Kada ka ce na dame ka. Tambaya ɗaya ce. Yaya kake yi iskarka ba ta rawa?”

“Ba’a kake min?”

“Wace ba’a? Ina kusa da kai awa biyu. Duk muryar da ka fitar kuskure ce, na yarda, amma ko wacce a tsaye take kamar sandar fitila. Ni da zarar na taɓa zuga-zugi sai murya ta yi tsalle, in na sake shi ta faɗi. Matata ta ce kamar jaki mai shaƙuwa.”

Manus ya dube shi, ya ga da gaske yake. Ya ajiye cokali.

“Ɗauko ta in gani.”

Barney ya ɗaura kayansa a nan bakin tebur. Bugu uku Manus ya ga matsalar.

“Da zuga-zugi kake busa. Ba aikinsa ba ne. Shi ɗan aike ne, ya kawo iska ya koma. Salka ce mai gida. In zuga-zugi yana turowa, sassauta hammata, in ya koma, matsa. Ka taɓa tsayawa a jirgi ana igiyar ruwa?”

“Ni ko kwalekwalen tafki amai yake sa ni.”

“To keke fa? Ai ka hau keke da jakar wasiƙu. In wannan ƙafa ta danna, waccan me take yi?”

Ya sa tafinsa a kan gwiwar hannun Barney yana danna masa yana saki. Minti goma suna haka, romo ya huce. Can sai murya ɗaya ta fito, doguwa, ba ta karkata ba har Barney ya ƙirga ashirin a fili. Dattijon ya zaro ido kamar wanda aka ce matarsa ta haifi ’yan uku. Kafin Manus ya ankara, mai jinya da ma’auratan Cork sun jawo kujerunsu, kowa da salkarsa a hammata.

Attracta ta wuce ta bayansu da kofin shayi. “Ɗari uku sun zube, ko?” ta ce. “Hammatar fa, ita ma igiya ta tafi da ita? Kunnen fa?”

Ƙarfe uku aka taru a babban zaure don sauraron manyan mabusa. Na uku a cikinsu wani ne da Manus ya sha ji a rediyo, mutumin da ake haye teku don a saurare shi. Ya zauna, ya fara wata waƙa mai nauyi, zauren ya yi tsit. Yana tsakiyarta harshen sarewarsa, da laimar ranar ta shiga, ya shaƙe ya yi wani ƙiiit kamar ƙofar da ba mai. Manus ya runtse ido don taya shi jin kunya. Shi kuwa mutumin dariya ya yi, ya ce, “Ta ce ba ta son Leitrim.” Zaure ya kwashe da dariya. Fintan ya hau da wuƙarsa, wata mata ta miƙo tata sarewar aro, mutum uku suka sunkuya a kan harshen suna gardama a gaban kowa, sannan mabushin ya koma farkon waƙar ya busa ta har ƙarshe, aka yi tafi kamar rufin zai tashi.

Manus ya daɗe bai motsa ba. A garinsu shi kaɗai ne mabushi, in ya yi kuskure ba wanda zai ɗauke masa, shi ya sa tun yana saurayi bai taɓa yarda a ji shi yana koyo ba, sai ya rufe ƙofa ya gama gyara waƙa sannan ya fito da ita. Bai taɓa sanin akwai ɗakin da mutum zai yi tuntuɓe a gaban mutum arba’in, su duka sun san dutsen da ya taka ba.

Ƙarfe biyar Nuala ta same shi a baranda, hannu wofi.

“An karɓa?”

“Tana wurin mai gyara. Ya ce sai gobe fatar za ta sha mai.” Ya shiga mota ya ja ƙofa, yana kallon gaba. “Bernie tana da gadon baƙi?”

Nuala ta tayar da mota. Ta yi ƙoƙari ƙwarai, ta kusa kai bakin titi kafin murmushin ya ƙwace mata.

“Kada ki ce komai,” in ji shi.

“Ni? Me na ce?”

Ranar Lahadi bayan an fito coci Fintan ya miƙa masa algaitarsa. Ya shafe salkar, ya sake zaren gaɓoɓin, ya juya wuyan sarewar, ya kuma sa mata sabon harshe mai laushi wanda ba ya bukatar matsi da yawa. “In ta ƙi, ka dawo in yi maka madannin,” ya ce ƙasa-ƙasa, “amma kada ka gaya wa waccan.”

Attracta ta sa sauran ajin aikinsu, ta ja kujera gabansa har gwiwoyinsu suna haɗuwa. Ta ce yau ba waƙa, ba hawa ba sauka. Murya ɗaya tak suke nema, ta ƙasa. Ya rufe ƙofa takwas, ya ɗaga sarewar daga cinya. Ta yi kururuwa. Ya sake, ta sake.

“Wani yatsa yana yoyo. Wanne?”

“Ban sani ba. Ba na jin ƙofofin.”

Ta kama hagunsa ta murza cikin yatsun da babban yatsanta. “Ina za ka ji? Wannan ai kofaton doki ne. Inda suka saba taɓa itace ya yi laushi, amma yanzu wani wurin ne zai taɓa, gishiri da igiya sun mayar da shi fatar takalmi.” Ta buɗe jakarta ta fito da ƙaramin gwangwanin man shafawa mai ƙamshin fure. “Shafa.”

“Ni? Wannan?”

“Ba za mu gaya wa kifaye ba.”

Barney ya yi dariya har salkarsa ta yi tusa. Manus ya shafa, ya goge, ya sake ɗora yatsun, a kwance ba a tsaye ba, yadda ta nuna masa. Ta sa shi ya rufe ido, ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya daga sama, kada ya wuce wata sai ya ji da’irarta a fatarsa. Na biyar. Na shida. Na bakwai. Ƙaramin yatsan hagu, wanda bai taɓa aikin komai ba, ya laluba, ya zame, ya dawo, ya zauna.

Ya ɗaga sarewar, ya matsa salka.

Muryar ta fito daga can ƙasa, mai kauri, mai ɗan gurnani a gefenta, har ya ji ta a ƙashin cinyarsa. Bai sake ta ba. Zuga-zugi ya kai ya kawo sau biyar, sau goma, tana nan tsaye. Ajin ya daina abin da yake yi. Da ya mayar da sarewar kan cinya sai ya ga ba ya iya kallon kowa, ya sunkuya yana gyara maɗaurin da ba abin da ya same shi.

“To,” in ji Attracta. “Ɗaya. Saura sauran.” Ta tura masa gwangwanin. “Riƙe. Minti ashirin kullum, kada ka ƙara. Kuma in na ji ka juya hannu ko sau ɗaya don ka burge wani, har Donegal zan zo.”

Matar teburin rajista ba ta ji haushi ba da ya je ba ta haƙuri. Ta ce duk shekara sai an yi musu haka, mutum ya kawo algaita ya koma da ita, kuma wannan asarar ita suka fi so.

Ba a ce abin ya zo da sauƙi ba. Watanni ukun farko sau biyu akwatin yana komawa kan kwaba, sau ɗaya har na mako guda. Abin da ya sauko da shi wayar Barney ce, don duk ranar Laraba sai ya kira, ya ajiye wayar a kan kujera ya busa masa abin da ya koya, sannan ya ce, “Saura kai.” Ba yadda za a yi mutum ya ce wa ɗalibinsa ya daina. Kafin kaka ta shiga Manus yana da waƙa huɗu masu tafiyar hawainiya. Tsofaffin kuwa ba su zube ba kamar yadda ya ji tsoro. Suna nan a kunnensa, sai dai kowacce sai ya ɗauko ta ya koya wa sababbin yatsun layi-layi, kuma a wajen haka ya riƙa tsintar ƙananan lanƙwasa da kawunsa yake yi waɗanda shi ya daɗe da tattake su da gudu.

Ya kuma bar rufe ƙofa. Maƙwabta suka ji kururuwar da komai. Wata malamar makaranta daga Dungloe ta ji labari ta zo da algaitar da ta saya ba ta san yadda ake ɗaura ta ba, daga baya wani makanike ya biyo ta. Asabar ɗin farko ta kowane wata suna haɗuwa a ɗakin ajiyar taru na bakin kwata, Barney ya tuƙo awa biyu da rabi da burodin matarsa, su huɗu su cika wurin da ƙarar da take korar tsuntsayen teku daga rufi.

Saurin dā bai dawo ba, kuma ya san ba zai dawo duka ba. Wata Lahadi da rana, cikin watan Disamba, yana kicin yana lallaɓa waƙar rawa ta farko da ya sake haɗawa, a rabin gudun da aka san ta da shi, Nuala tana feraye dankali. Ya kai ƙarshe ba tuntuɓe, ya koma farko. Sai ya ji ta ajiye wuƙa. Ta goge hannu a jikin riga, ta ture kujera gefe, ta kama ƙugu, ta shiga taka rawar a kan daɓen kicin da silifas ɗinta, ƙafa tana faɗuwa daidai kan kowace gaɓa.

“Yi haƙuri, ba ta da sauri,” ya ce bayan ya tsaya.

“Wa ya tambaye ka sauri?” Tana haki, fuskarta ta yi ja. “Dā busa kake kamar ’yan sanda sun biyo ka, tun ina da shekara arba’in na daina iya bin ka. Sai yanzu gwiwoyina suka samu mabushin da ya dace da su. Sake daga farko, kafin dankalin nan ya yi baƙi.”

Ya cika salka, ya ɗora dama a sama, ya sake daga farko.